Itacen Jego a Ƙofar Safara'u

Duk wanda ya san Hajaratu, matar marigayi Malam Barau na Tafoki, ya san mace ce mai kunya har ta yi yawa. Irin matan nan ne da in suka haifi ɗan fari sai ka rantse a hanya suka tsince shi. Ita mace ta haifa, kuma daga ita Allah bai ƙara ba ta wani ba. An raɗa wa yarinyar Amatullah, amma sunan nan bai taɓa fitowa daga bakin Hajaratu ba. "Waccan" take cewa, ko "yarinyar nan", in abin ya matsa ta ce "ke". Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yi mata wasa. In ta faɗi a tsakar gida tana kuka, Hajaratu tankaɗenta za ta ci gaba da yi, zuciyarta na suya, har wani ya zo ya ɗaga ta. Ba ƙi ba ne. Ita ma 'yar fari ce, haka ta ga uwarta ta yi mata, tsofaffin gari kuwa yabonta suke yi.

Mai ɗaga Amatullah in ta faɗi ita ce Safara'u, ƙanwar Hajaratu ciki ɗaya. Ita babu wata kunya da ta hau kanta. Ta goya ta, ta yi mata kitso, ta kira sunanta tun daga bakin rijiya har unguwa ta ji. A lokacin Hajaratu godiya take yi a ranta, don ko ba komai akwai mai yi wa yarinyar abin da ita ba ta da halin yi.

Amatullah na da shekara tara Malam Barau ya kwanta ciwo, kwana shida ya cika. Bayan Hajaratu ta fita takaba sai wata mata 'yar Ƙanƙara, mai haɗa mata da aikatau a Saudiyya, ta yi mata hanya. An ce wani gida a Jidda na neman mai renon yara. Hajaratu ta ɗauki yarinyar ta kai wa Safara'u, wadda ke aure a Sheme. Ranar tafiya, a bakin titi, mutane tsaye suna kallo, Hajaratu ta so ta rungume 'yarta. Hannun ya tashi, sai ya ɓige da gyara mata ɗankwali. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ki riƙa jin magana." Ta shiga mota ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta daina kuka ba har Funtuwa.

Gidan da ta faɗa a Jidda hawa na biyar ne, ɗakinta ɗan ƙarami kusa da injin wanki. Yara biyu ta tarar, maza, masu ƙiriniyar da ba ta taɓa gani ba. Kafin asuba ta tashi ta goge musu kayan makaranta, ta zuba musu abinci a 'yan robobi, ta sauko da su motar makaranta, ta hau ta kwashe ɓarnar da suka bari. Wannan duk bai dame ta ba, wadda ta saba da surfe da jan guga. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne yadda mutanen ke yi da 'ya'yansu. Uba da gemunsa zai durƙusa ya sumbaci ɗansa na fari a gaban baƙi, uwa ta kira sunan yaro sau ɗari kafin azahar. Hajaratu kanta take sunkuyarwa don kunyar da ta ara musu. Har uwar ɗakinta ta kira ta ta yi mata faɗa, da Larabci da nuni da hannu, wai me ya sa take ɗaure wa yara fuska, ko ba ta son su ne? Dole ta koya. Ranar da ta fara sumbatar goshin ƙaramin, sai da ta waiga hagu da dama kamar mai satar nama a tukunya.

Tana shekara ta shida a gidan aka haifi mace, aka sa mata Lujain. Jaririyar ta zo da kukan da ya gagari kowa. An kai ta wurin likita, an canja madara, an sayo gadon da ke lilo da kansa, duk a banza. Wata rana da hantsi Hajaratu ta gaji, ta ɗauko tawul ta saɓa ta a baya ta ɗaure, ta ci gaba da wanke-wankenta. Kafin ta gama kwanuka yarinya ta yi barci. Uwar ta shigo ta gani ta dafe ƙirji, ta ce za a karya mata ƙafafu. Da ta ga barcin ya kai la'asar, ita da kanta ta saya wa Hajaratu sababbin tawul guda uku. Dangi suka riƙa zuwa kallon goyo ana ɗaukar hoto.

A bayan Hajaratu Lujain ta girma. Ta sha kunun gyaɗa, ta ci tuwo da miyar kuka da hannu, ta iya cewa "ina kwana". Dada take ce mata, yadda yaran can ke kiran mai renonsu. Da yamma Hajaratu kan kai ta filin wasan yara, inda masu reno 'yan Habasha da 'yan Kenya ke zama a benci, kowace idonta kan ɗan wani, hankalinta kan nata a gida. Gaskiya ita ce Hajaratu ta so yarinyar nan. Duk son da ta danne shekara da shekaru, nan ya sami ƙofa.

Kishin ƙanwarta kuwa ranar Juma'a yake tashi. Ranar ce take kiran Sheme. Safara'u za ta ɗauka, a gaisa, sannan ta ƙwala kira, "Amatullah, zo ga Hajiya." Yarinyar ta zo ta gaishe ta da ladabi irin wanda ake yi wa baƙuwa, ina gajiya, ina aiki, an gode da saƙo. Da ta miƙa wayar sai Hajaratu ta jiyo ta can baya muryarta ta sake, tana cewa, "Inna, ina kika aje mani allurar nan?" Inna. Safara'u ce Inna, ita kuwa da ta yi naƙudar kwana biyu a ɗakin ƙasa ita ce Hajiya. Sai ta kashe wayar ta zauna kan injin wanki tana cizon leɓe. Takan tuna duk wani aibin Safara'u tun suna yara: ai ita ce mai kwaɗayi, ita ce ta fasa tulun Iya ta ce akuya ce, miyarta kullum gishiri ya yi yawa. Ta san ƙanwarta ba ta yi mata laifin komai ba, wannan ne ma ya fi ba ta haushi.

Sau uku ta zo hutu cikin shekara goma sha biyu. Kowane zuwa da akwatuna, abaya da turare da dabino. Kowane zuwa kuma ta tarar Safara'u ta san abin da ita ba ta sani ba: yarinyar ba ta cin kuɓewa, tana tsoron kaza mai 'ya'ya, in ranta ya ɓaci shara take kamawa. Lokacin auren Amatullah da Zailani, wani malamin firamare a Faskari, Lujain na kwance da ƙyanda, uwar ɗakinta ta ce babu inda za ta. Hajaratu ta aiko da gado da katifa da kwanuka. A hoto ta ga Safara'u ta sha ɗauri tana karɓar barka a matsayin uwar amarya, sanye da leshin da ita Hajaratu ta aiko mata. Kwana biyu abinci bai shiga cikinta ba.

Saboda haka da aka gaya mata Amatullah na da ciki, ta ce wannan karon ko sama da ƙasa za su haɗe sai ta je. Haihuwar fari a gaban uwa ake yi. Mace ta koma gida, uwarta ta yi mata wankan jego safe da yamma har kwana arba'in, ta dama mata kunun kanwa, ta gasa mata nama. Wannan haƙƙin uwa ne, kuma shi kaɗai ya rage wa Hajaratu. An riga ta goyo, an riga ta kitso, an riga ta kai amarya. Ba za a riga ta wannan ba.

Ta ajiye aikin gaba ɗaya. Lujain, mai shekara shida, ta riƙe mata ƙafa a bakin ƙofa tana kuka, sai da uban ya ɓamɓare ta. Dama Hajaratu ta gina ɗan gida a Ƙanƙara, ɗaki biyu da banɗaki mai tayil. Ta sa aka liƙa mata injin dafa ruwa a bango, ta taho da bahon jarirai na roba, da ma'aunin zafin ruwa mai siffar agwagwa, da mayuka kala-kala. Ta gyara ɗaki guda ta shimfiɗa zanen gado sabo. Abu ɗaya ne ba ta yi ba. Ba ta buɗe baki ta ce wa Amatullah "gidana za ki zo" ba. Ina ita ina yi wa 'yar fari zancen ciki? A ganinta magana ce da ba ta bukatar faɗa.

Kwana uku da saukarta ta hau mota zuwa Sheme. Tun kafin ta shiga zauren Safara'u ta ga amsarta. Itace ne jibge a gindin katanga, faskare busasshe, an jera shi ya kai ƙirjin mutum. Gefe ga garwa babba an wanke an kife. Itacen nan ba na girki ba ne, kowace mace ta san itacen jego in ta gan shi, kuma ba a kwana ɗaya aka tara shi ba. Hajaratu ta tsaya riƙe da jaka tana kallon itacen. A tsakar gida ta tarar da Amatullah zaune kan tabarma da tsohon ciki, Safara'u na matsa mata ƙafa.

Ta bari aka gama gaishe-gaishe, ta ja ƙanwarta ɗaki.

"Itacen mi na gani a waje?" in ji Hajaratu.

"Na wanka ne, Yaya. Zailani ke kawowa kaɗan-kaɗan tun watan jiya."

"Wa ya ce mashi nan za a yi?"

"Wa ya ce mashi ba nan ba?" Safara'u ta ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Ita ta ce a kawo ta gida, shi ko nan ya sani."

"Ni na haihe ta, Safara'u."

"Ban taɓa cewa ba ke ba ce. In kina so ki tahi da ita, ga ta nan, ki hwaɗa mata da bakinki."

Nan fa ɗaya. Safara'u ta san inda ta taɓa. Hajaratu ta fito ta dubi 'yarta. Ta ce dai, "Ke, ana cin abinci ko?" Amatullah ta ce, "Ana ci, Hajiya." Shi ke nan zancen ya mutu.

Ba ta koma Ƙanƙara ba. Ta aika aka ɗauko mata kayanta, ta tare a ɗakin Safara'u, wai don ta taimaka. Taimakon nata kuwa rabinsa gyara ne. Wannan zanen bai bushe ba, wannan ruwan ba a tace ba, a Jidda ba haka ake yi ba. Safara'u ta riƙa haɗiyewa, ranar da ta ƙoshi ta ce, "Yaya, nan Sheme ne."

Amatullah ta sauka lafiya a asibitin Faskari, ta sami ɗa namiji, aka sa masa Hadi. Aka dawo gida aka ɗora garwa. Kowace safiya Safara'u ta hura wuta, ruwa ya tafasa yana tsalle, ta karyo ganyen bedi, wato darbejiya, ta ɗaure, ta ja mai jego bayan zana. Hajaratu kuwa aka miƙa mata jariri, tunda kowa ya yarda a nan babu mai kama ƙafarta. Ta iya. Tana taɓa shi ya yi shiru, ta san kukan yunwa, ta san na ciwon ciki. Ga shi jika, babu kunya tsakani, ta kira shi angonta, ta yi masa tsiya yadda ranta ke so. Amma kunnenta na bayan zana. Tana jin fyaɗin ganye, tana jin Amatullah na cewa, "Wayyo Inna, da zahi," Safara'u na cewa, "Daure ɗiyata, saura kaɗan." Kowane fyaɗi kamar a jikin Hajaratu yake sauka. Shekara goma sha biyu tana renon 'ya'yan wasu, ga shi ta dawo gida an sake ba ta reno.

Ta kuma lura da wani abu da ya ƙara dagula mata lissafi. Amatullah ba ta kallon jaririn in da mutane. In an miƙa mata shi ya sha nono sai ta kau da kai. Sunansa kuwa ko da wasa. Mata masu zuwa barka suna yabawa, suna cewa ta gado uwarta.

A rana ta goma sha biyu, da la'asar, an ɗora ruwan wankan yamma, wayar Hajaratu ta yi ƙara. Tana kusa da Amatullah a kan tabarma. Mai jegon ta leƙa ta ga hoton da ya fito, ta tura wayar da yatsa ta ce, "Hajiya, ɗiyarki ce ke kira."

Lujain ce. Tana kuka, wai sabuwar mai renon ba ta iya goyo ba, wai haƙorinta ya fita. Hajaratu ta manta inda take. Fuskarta ta washe, murya ta canja, ta shiga lallashi da Larabcinta na kicin, Lujain kaza, Lujain kaza, tana sumbatar waya. Da ta gama ta ɗago, Amatullah ba ta kan tabarma. Tana can gindin katanga da tsintsiya, mai jegon kwana goma sha biyu, tana sharar wurin da babu ko tsinke.

Safara'u na bakin murhu tana gyara wuta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Sau tara."

"Mi ne sau tara?"

"Sunan ɗiyar Larabawan nan. Sau tara kika kira shi yanzu. Ni ma Amatullah ce ta koya mani ƙirgawa." Ta tura wani faskare cikin wuta. "Duk Juma'a in kin kira, kina magana da ita kina tsayawa ki kira waccan. Ita ko tana ƙirgawa da yatsu. In an kashe waya ta ce, Inna, yau sau goma sha ɗaya. Ranar da ya hi yawa sau goma sha bakwai. Hoton da kika aiko kin goya ta da tawul, yana ƙarƙashin akwatinta har yau. Ta taɓa tambayata, wai ita kin taɓa goya ta?"

"Na goya ta mana," Hajaratu ta ce. "A ɗaki. In ba kowa."

"To ita ba ta sani ba. Na ce mata kunya ce. Ta ce ashe kunyar ba ta shiga jirgi."

Shekara goma sha biyu Hajaratu na zaune kan injin wanki tana kishin ƙanwarta, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa a ɗaya gefen wayar akwai mai irin ciwonta ba. Kuma ita ce ke hura mata shi da bakinta, kowane mako, ba fashi.

Akwai mata uku a tsakar gidan, 'yan barka, har da wata tsohuwa 'yar Tafoki da ta san ta tun tana amarya. Hajaratu ta dube su, ta ji kunyar nan ta taso mata tun daga tafin ƙafa. Ta gyara jaririn a kafaɗa. Shekara ashirin da ɗaya sunan na cikin bakinta, ba ta san ma yadda zai fito ba.

"Amatullah."

Mai shara ta tsaya. Ta juyo ta dubi murhu, inda aka saba kiranta, ta ce, "Na'am, Inna."

Wannan ya fi duk fyaɗin ganyen da Hajaratu ta saurara zafi. Safara'u ta girgiza kai ta ce, "Ba ni ba ce. Uwarki ke kiranki."

Tsohuwar Tafoki ta riƙe haɓa. Amatullah ta juyo a hankali, tsintsiya a hannu, ta dubi Hajaratu kamar ba ta yarda ba. Hajaratu ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, yadda 'yan barka ba za su ce ba su ji ba. Tsintsiyar ta faɗi. Yarinyar ta ja bakin zane ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, daga cikin zanen ta ce, "Na'am."

Sai Hajaratu ta ga ba ta tanadi abin da za ta ce bayan sunan ba. Ta dubi garwa ta ce, "Aje sharar nan. Ruwanki zai huce."

Safara'u ta tashi ta karkaɗe zanenta. Ta zo ta karɓi jaririn daga kafaɗar yayarta, ta ɗora mata damin ganyen bedi a hannu. "Na yamma naki ne," in ji ta. "Na sahe nawa, kada ma ki tambaya."

Hajaratu ba ta taɓa yi wa kowa wankan jego ba. Hannunta ya saba da ruwan da ake aunawa da agwagwar roba, fyaɗin farko ma sai da ta ƙona yatsa. A bayan zana Amatullah ta dafa bango ta ce, "Wayyo, da zahi," ta tsaya nan, ba ta ce Inna ba, ba ta kuma ce Hajiya ba.

Kwana ashirin da takwas suka rage, Hajaratu ta yi su cif, kowace yamma sai ta kira sunan kafin ta tsoma ganye. Injin dafa ruwanta na can Ƙanƙara ba a ko kunna shi ba. Har yau in zancen ya taso takan ce ita dai an cuce ta a rabon, don kowa ya san ruwan safe ya fi shiga jiki. Ranar arba'in, da aka shirya mai jego za ta koma ɗakinta, Hajaratu ta miƙa mata Hadi a gaban mutane. Amatullah ta kau da kai yadda ta saba. Hajaratu ba ta janye hannu ba.

"Karɓi ɗanki," ta ce. "Kuma ki kira shi, ina ji."